Matsa Kaɗan, Baƙo Ya Zauna

Saƙon watan Disamba
Karatu: Luka 2:1-20
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:2

Mun gode wa Allah da ya kawo mu watan ƙarshe na shekara da rai da lafiya. Hunturu ya sauka, teloli sun daina barci, ƙungiyar mawaƙa tana gwajin waƙa kowace yamma, zumuntar mata ta fitar da anko, yara kuma sun fara ƙirga kwanaki. Daga Lahadin farko ta Disamba har zuwa sujadar tsallake shekara a daren 31 ga wata, majami'a za ta cika fiye da kowane lokaci. A cikin wannan taro akwai waɗanda ba su taɓa taka ƙofarmu ba sai wannan karon. A kansu za mu yi tunani a wannan wata. Maganar kuma ba ta tsaya kan Fasto da masu tarbar baƙi ba. Taka ce, ɗan'uwa, taki ce, 'yar'uwa, ku da kuke da bencin da kuka saba zama a kai kowace Lahadi.

BAITALAMI TA CIKA

Luka ya gaya mana cewa Kaisar Augustas ya ba da umarni a ƙidaya mutane, kowa ya koma garin kakanninsa a rubuta shi. Yusufu daga zuriyar Dawuda yake, don haka ya tashi daga Nazarat ta ƙasar Galili zuwa Baitalami ta Yahudiya, tafiyar fiye da kilomita 100, tare da Maryamu da tsohon ciki. Da haihuwa ta zo, komin dabbobi ne ya zama gadon Mai Ceto, domin masauki ya riga ya cika.

Ka sake karanta wurin a hankali. A wasan kwaikwayon Kirsimeti da yaranmu suke yi, akan sa wani yaro ya ɗaure fuska ya kori Yusufu da Maryamu. Amma Luka bai ambaci wani mugun mai masauki ba. Bai ce an zage su ba, bai ce an kore su ba. Gari ne ya cika. Kowane gida yana da nasa baƙin: kawu ya iso, gwaggo ta iso, ana neman tabarma, ana ƙara ruwa a tukunya. Kowa yana hidimar nasa. A cikin wannan hidima ce Sarkin sarakuna ya shigo gari, aka rasa wanda zai matsa masa.

Wannan shi ne haɗarin Disamba a ikilisiya. Babu mai ƙin baƙo a cikinmu. In aka tambaye mu, dukanmu za mu ce muna addu'a Allah ya kawo sababbin rayuka. Sai dai mun cika. 'Ya'yanmu sun dawo daga makaranta, dangi sun zo daga Abuja da Legas, akwai ɗaurin aure ranar Asabar, akwai godiyar iyali ranar Lahadi, ga shinkafa an baro a wuta. Ido yana ta neman fuskar da ya sani. Sai baƙo ya shigo, ya zauna, a tashi ya fita. Ba wanda ya ɓata masa rai, ba kuma wanda ya san sunansa. Ya tarar da Baitalami ke nan.

Ka kuma lura da waɗanda Allah da kansa ya fara aika wa gayyata. Makiyaya ne da suke kwana a fili da garkensu, da warin tumaki a jikinsu, ba su da kayan biki. Daga baya, kamar yadda Matiyu sura 2 ta nuna, masana suka zo daga gabas, mutanen wata ƙasa da wata al'ada. Tun farkonsa, Kirsimeti bikin baƙi ne.

SU WANE NE SUKE SHIGOWA?

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya shiga majami'ar da bai sani ba haka kawai. A Yahaya 6:44 Yesu ya nuna mana cewa Uba ne yake jawo mutum zuwa wurin Ɗansa. Baƙon da ka gani a bakin ƙofa, Ruhu Mai Tsarki ya riga ka yin magana da shi.

Ga ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, zai yi Kirsimetinsa na farko nesa da mahaifiyarsa. Ga soja ko ɗan sanda da aka kawo aiki garin, iyalinsa suna wata jiha. Ga matar da mijinta ya rasu a cikin shekarar nan, ta kasa zama a majami'arsu domin duk inda ta juya sai ta ga wurin zamansa. Ga iyalin da rikici ya raba da ƙauyensu, suna raɓe a ɗakin wani ɗan'uwa, da kayan da suka gudo da su a jiki. Ga saurayin da ya bar sujada shekara biyar, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, ya jiyo waƙar Kirsimeti daga kan hanya zuciyarsa ta karye. Ga maƙwabcin da ba Kirista ba, ya zo ne don girmama gayyatar abokin aikinsa. Ga kuma wadda take neman Yesu a ɓoye, ta yi watanni tana wucewa ta gaban ƙofa kafin ta samu ƙarfin halin shiga.

Kowannensu ya yi abu mai wuya kafin ka gan shi. Wani ya ɗaura wa kansa sharaɗi tun daga gida: zan gwada sau ɗaya, in ba wanda ya kula ni, shi ke nan ni da coci. Wa'azin Fasto zai iya yin wuta, mawaƙa su yi iya ƙoƙarinsu, amma abin da zai faru a bakin ƙofa da abin da zai faru bayan an sa albarka yana hannunka. A nan ne mutumin zai yanke shawara ko zai dawo.

TSORO A BAKIN ƘOFA

Bari mu faɗi abin da ke zukatanmu. Mu da muke arewacin Najeriya muna da dalilin duban sabuwar fuska sau biyu a watan Disamba. Ba mu manta bama-baman da suka tashi a Jos a jajiberin Kirsimeti na 2010 ba. Ba mu manta Madalla kusa da Suleja ba, inda aka kai hari majami'ar Katolika ta St. Theresa ranar 25 ga Disamba 2011. Ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi sun yi Kirsimetin 2023 cikin makoki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Saboda haka tsaro a ƙofa ba rashin bangaskiya ba ne. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Za mu ci gaba da bincike a ƙofa. Amma akwai yadda ake caje mutum ya ji an kāre shi, akwai yadda ake caje shi ya ji an tuhume shi. 'Yan'uwa masu tsaro, ku fara da gaisuwa kafin ku ɗaga na'ura. Ku gaya wa baƙo cewa haka ake yi wa kowa, ku kuma yi wa kowa ɗin, har dattawan ikilisiya da iyalin Fasto. Mata su duba jakar mata. In an gama, a miƙa wa mutum kayansa da hannu biyu, a ce masa barka da zuwa. Kada rigar mutum, ko tsagen fuskarsa, ko sunansa, ko yadda yake furta Hausa ya zama laifinsa. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka sanar da shugaban masu tsaro a hankali, ba da kallon-kallo da raɗe-raɗi ba.

Ikilisiyar farko ta san irin wannan tsoro. A Ayyukan Manzanni 9:26-27, Shawulu ya zo Urushalima yana so ya shiga cikin almajirai, duk suka ja da baya. Ba za ka ga laifinsu ba, domin mutumin nan ya taɓa bin gida gida yana jan masu bi zuwa kurkuku. Barnaba ne ya matsa kusa, ya san labarinsa, ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Barnaba bai yar da hankali ba. Ya dai gane cewa daga nesa ba a sanin mutum. Gaisuwa ma tsaro ce: wanda ya zo da alheri zai ji daɗi an kula shi, wanda ya zo da wani nufi zai san an gan shi. Ka tuna kuma cewa mutumin da aka ji tsoro a ƙofar nan shi ne Bulus, wanda wasiƙunsa suke cikin Littafi Mai Tsarki da ke hannunka.

IBRAHIM YA RUGA

A Farawa sura 18, Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwarsa a Mamre da tsakar rana, yana da shekara 99. Ya ɗaga ido ya ga mutum uku. Bai aiki bawa ba, bai jira su yi sallama ba. Tsohon nan da gudu ya je ya tarye su. Ya sa aka kawo ruwan wanke ƙafa, ya zaunar da su a inuwa, ya sa Saratu ta kwaɓa gari mai laushi mudu uku, ya zaɓo maraƙi mai kyau, ya kawo nono da madara, sa'an nan ya tsaya a gefensu suna ci. A wurin cin abincin nan ne aka sa wa alkawarin haihuwar Ishaku lokaci, alkawarin da suka yi shekaru suna jira. Ayar haddacewarmu tana tuna mana da irin wannan: akwai waɗanda suka sauki manzannin sama suna tsammani matafiya ne kawai. Ba don lada muke karɓar baƙo ba, amma Allah ba ya cin bashin kowa, kuma sau da yawa amsar addu'a da ƙafa take zuwa.

Ka ajiye Ibrahim a gefe guda, ka ɗauko Saminu Bafarisiye a Luka 7:36-50. Shi ne ya gayyaci Yesu cin abinci, amma bai ba shi ruwan wanke ƙafa ba, bai sumbace shi ba, bai shafa masa mai ba. Yesu ya lura, ya kuma lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya. Gayyata daban, tarba daban. Za mu iya buga takardun gayyata, mu rataye babban kyalle a kan titi, mu tura saƙo ta waya, mutum ya amsa ya zo, ya tarar da gidan Saminu.

To yaya tarbar Ibrahim za ta kasance a majami'armu? Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka fara da fuska. Ka gai da mutum daidai matsayinsa: sannu da zuwa Baba, barka da Kirsimeti Mama, maraba ɗan'uwa. Ka faɗi sunanka kafin ka tambayi nasa, in ya faɗa kuma ka riƙe shi. Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka kada ka nuna masa da yatsa, ka raka shi. Ka nuna masa inda zai ajiye babur, inda yara suke makarantar Lahadi, inda ban ɗaki yake. In ka zo ka tarar da baƙo a wurin da ka saba zama, ka yi godiya ga Allah ka zauna kusa da shi. In jakarki tana riƙe wa ƙawarki wuri, ga baƙuwa a tsaye da goyo, ki ɗauke jakar. In an buɗe Littafi, ka buɗe wurin ku duba tare.

Akwai kuma tambayoyin da ba na ranar farko ba ne. Ina maigidanki? Me ya raba ka da cocinku? Kai wane yare ne? Har yanzu ba ki yi aure ba? Tambaya ɗaya irin wannan tana iya fama tsohon ciwo. Wanda kuma ya daɗe bai zo ba ya dawo, kada a tarye shi da ba'a, ana cewa yau an ga wata, ko Kirista na Disamba ya iso. Uban da ke Luka sura 15 da gudu ya tari ɗansa, ya sa masa riga da zobe kafin yaron ya gama jawabin da ya shirya. Babban wan ne ya tsaya a waje yana lissafin zunubi. Ka zaɓi wanda za ka zama a cikin su biyun.

ANKO DA ZOBEN ZINARIYA

Yakubu 2:1-4 ya zana mana hoton taron sujada. Mutum biyu sun shigo, ɗaya da zoben zinariya da kaya masu tsada, ɗaya da tsummoki. Aka kai na farko wuri mai kyau, aka ce na biyu ya tsaya ko ya zauna a ƙasa. Yakubu ya kira wannan zunubi, bai sassauta ba (aya 9). Ba watan da wannan gwaji ya fi ƙarfi kamar Disamba, domin shi ne watan sabon ɗinki.

Anko ba zunubi ba ne. Yana da kyau a ga iyayenmu mata sun fito iri ɗaya suna yabon Allah. Amma ki sa kanki a matsayin matar da ta gudo daga ƙauye da zane ɗaya, ta shigo ta tarar da mata arba'in cikin atamfa iri ɗaya. Ba sai an ce mata komai ba, tufafin sun riga sun gaya mata cewa ita ba 'yar gida ba ce. Mace ɗaya tak daga cikin masu ankon in ta tashi ta zauna kusa da ita, ta karɓi jaririnta ta goya, maganar ta canja. In kuma yarinya ta shigo babu ɗankwali, ko da ɗinkin da ba mu saba da shi ba, kada kalmar farko da za ta ji a gidan Allah ta zama tsawa. Koyarwa tana da lokacinta, kuma kunne ya fi buɗewa ga wanda ya fara nuna ƙauna.

Mu masu bin Fentikos muna da dalili na musamman na kiyaye wannan. William Seymour, ɗan bayin da aka 'yanta a Amurka, ya je makarantar Littafi Mai Tsarki a birnin Houston, amma saboda dokar wariyar launin fata ta lokacin, daga wajen aji yake sauraron darasi ta ƙofa. A watan Afrilu 1906 wannan mutumin ya fara taro a Titin Azusa a birnin Los Angeles, cikin wani tsohon gini da aka taɓa mayar da shi ma'ajiyar kaya da bargar dawaki. A can baƙar fata da farar fata, masu kuɗi da matalauta, suka durƙusa wuri ɗaya, wutar farkawa ta bazu zuwa ƙasashen duniya. Wanda aka bari a bakin ƙofa shi Allah ya ba mabuɗi. Abin kunya ne 'ya'yan wannan farkawa su koma suna zaɓen baƙo da yare ko da mota.

SUJADARMU A IDON BAƘO

Abin da ya zama mana jiki, sabo ne ga wanda bai taɓa gani ba. Muna addu'a gaba ɗaya da murya mai ƙarfi, muna magana da harsuna, muna rawa, wani ya fāɗi ƙarƙashin ikon Ruhu. Manzo Bulus, wanda ya ce ya fi dukan Korantiyawa magana da harsuna, shi ne kuma ya yi tunanin baƙo. A 1 Korantiyawa 14:23-25 ya yi gargaɗi cewa wanda bai sani ba zai iya shigowa ya ɗauka an haukace, amma in ya ji saƙon da ya fahimta, asirin zuciyarsa zai tonu, ya durƙusa ya shaida Allah yana tsakiyarmu. A ƙarshen surar ya haɗa abu biyu: kada a hana harsuna, kuma a yi kome bisa tsari. Ba za mu kashe wutar Ruhu saboda baƙo ba. Za mu zauna kusa da shi mu haskaka masa. Magana kaɗan a kunne ta isa: yanzu kowa zai yi addu'a da bakinsa, kai ma ka gaya wa Allah abin da ke ranka, ko a zuci ne yana ji.

Ga waɗansu abubuwa da ya kamata mu kiyaye. In Fasto ya ce baƙi su miƙe a marabce su, gayyata ce. Kada ka zunguri na kusa da kai, kada ka nuna shi da hannu. Mai kunya in aka tilasta masa tsayuwa gaban ɗaruruwan mutane, da wuya ya sake zuwa. Kafin ka ɗora wa baƙo hannu ka yi masa addu'a, ka nemi izininsa. In lokacin baiko ya yi ana fita layi layi da rawa, ka gaya masa babu tilas a kansa, domin wani kuɗin komawa gida kaɗai ke aljihunsa, kuma Disamba watan baiko iri iri ne. In sujada da Hausa ake yi shi kuma ba ya ji, ko da Turanci ake yi Hausa kaɗai yake ji, ka zama tafintansa.

Matasa masu ɗaukar hoto, ku saurara da kyau. Kada ku ɗauki fuskar baƙo ku sa a Facebook ko WhatsApp ba da saninsa ba. Akwai wanda danginsa ba su san ya zo ba. Hoto ɗaya yana iya raba mutum da gidansu, da aurensa, har da ransa. Haka ma katin da baƙo ya cika: lambar wayarsa amana ce a hannun ikilisiya, ba ta yawo ba ce.

BAYAN AN SA ALBARKA

Da an ce Amin na ƙarshe, kowa yakan nufi abokansa. A daidai wannan lokacin ne baƙo ya fi jin kaɗaici, yana tsaye yana duba waya don kada a ga ba shi da kowa. Ka sa wa kanka doka a wannan wata: kafin ka gai da wanda ka sani, ka gai da wanda ba ka sani ba. Abokinka yana nan mako mai zuwa. Baƙo raɓa ne, in rana ta ɗaga ba za ka same shi ba.

Sa'an nan ka tambaye shi inda zai ci abincin Kirsimeti. A Luka 14:12-14 Yesu ya ce in za mu yi biki mu kira waɗanda ba za su iya rama mana ba. Tukunyar da ta ciyar da mutum takwas za ta ciyar da tara. Ba sai akwai kaza ba. Shinkafa da miya, ko gwate, ko kofin kunu da cincin, in an ci cikin dariyar iyali, ya fi ƙarfin wa'azi da yawa a zuciyar ɗan bautar ƙasan da yake kewar gida.

Ka tuna yadda ikilisiya ta fara. Ranar Fentikos ranar idi ce, Urushalima cike da baƙi daga ƙasashe dabam dabam. Masu bi wajen 120 ne, aka wayi gari da ƙarin mutum wajen 3,000 a rana ɗaya. In ka raba, kowane mai bi ya tashi da sababbin 'yan'uwa 25. Manzanni 12 ba za su iya riƙe wannan taro su kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ayyukan Manzanni 2:46 ta nuna mana asirin: gida gida suke cin abinci tare. Ruhun da ya sauko da harsunan wuta shi ne kuma ya buɗe ƙofofin gidaje da tukwane.

Gwajin gaskiya yana cikin Janairu, lokacin da dangi suka koma, aka kwashe kujerun haya, aka naɗe kayan ado. Zumunta a ƙafa take. Ka kira baƙonka a cikin makon, ka kira shi da sunansa. In ya yarda a ziyarce shi, ku je ku biyu, maza wurin maza, mata wurin mata. Ka ce za ka biyo masa ranar Lahadi, ka kuma cika. In ɗan wata ikilisiya ne ya zo hutu kawai, a sa masa albarka ya koma wurin makiyayinsa, ba satar tumaki aka aike mu ba. In maƙwabci ne da ba Kirista ba, ka gode masa da ya girmama ka, ka kai masa abincin Kirsimeti kamar yadda muka gāda, ka bar gardama. Ka shuka alheri, ka bar Ruhu Mai Tsarki ya yi aikinsa.

KAI MA BAƘO NE DĀ

Afisawa sura 2 ta tuna mana cewa dā muna nesa, bare ne mu ga alkawaran Allah, ba mu da bege. Jinin Yesu ne ya kawo mu kusa, ya mai da mu 'yan gida. Wanda aka rasa masa wuri a Baitalami shi ne ya yi mana wuri a gidan Ubansa. Romawa 15:7 ta sa wannan ya zama ma'auninmu: yadda Almasihu ya karɓe ka, haka za ka karɓi ɗan'uwanka. Bai jira ka yi sabon ɗinki ba, bai tambayi yarenka ba.

A Matiyu 25:31-46 kuma Ubangiji ya nuna cewa a ranar shari'a zai ɗauki abin da aka yi wa baƙo a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Waɗanda suka karɓe shi da waɗanda suka ƙyale shi duk za su yi mamaki, domin ba wanda ya gane shi a lokacin. Mutanen Baitalami za su iya cewa ba su sani ba. Mu an gaya mana.

ABIN YI A WANNAN WATA

Ka zo sujada da wuri, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka mutum ɗaya. Ka koyi sunansa. Ka zauna kusa da shi. Ka ƙara kwano ɗaya a gidanka ranar 25 ga wata. Ka rubuta sunan a bangon wannan ɗan littafi, ka yi ta addu'a dominsa har ƙarshen Janairu.

BATUTUWAN ADDU'A

1. Ya Uba, na gode da ka karɓe ni lokacin da nake bare, ka mai da ni ɗan gida ta wurin jinin Yesu.
2. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idona in ga wanda ka aiko, ka ba ni ƙafar Ibrahim da zuciyar Barnaba.
3. Kowane ruhun tsoro, da wariya, da girman kai da ke tsaye a ƙofar ikilisiyarmu, muna tsauta maka cikin sunan Yesu.
4. Ya Ubangiji, ka tsare majami'unmu da garuruwanmu a wannan Kirsimeti. Ka ba masu tsaronmu ido mai gani da baki mai daɗi.
5. Ka ta'azantar da gwauraye, da marayu, da waɗanda aka raba da gidajensu, ka sa su sami iyali a cikinmu.
6. Ba ran da zai shigo ƙofarmu a wannan wata ya koma yadda ya zo, cikin sunan Yesu.

FURCI

Zuciyata ba ta cika ba, akwai wuri domin Yesu. Bencina bai cika ba, akwai wuri domin baƙo. Gidana buɗe yake, tukunyata ba za ta ƙare ba. Wanda Allah ya aiko wurina ba zai ɓace a hannuna ba. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.